Hawan Keken Tsere a Gindin Duwatsun Jos da Bakin Madatsun Ruwa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ke yawan dawowa daga bakin masu son fara doguwar tafiya da keke a kwaltar Jos da kewaye: ɗalibai, ma'aikata, 'yan kasuwa, da baƙin da ke ɗauro kekensu a bayan mota daga Kano ko Abuja. An faro daga na sabon shiga zuwa na wanda ƙafarsa ta riga ta saba.

Me ya sa ake ta yabon Jos wajen hawan keke?

Tsayin wurin ne. Garin na zaune a kan tudun da ya haura mita 1,200 daga matakin teku, ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabas da shi kuma ta kai kimanin mita 1,829. Zafi na raguwa da wajen digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, shi ya sa lokacin da mai keke a Kano ko Lafiya ke neman inuwa da hantsi, na Jos bai gama jiƙa riga ba. Ga kuma hanyoyi da ke ratsa ƙauyuka ta kowace fuska, da dama daga cikinsu gadon zamanin haƙar kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka haɗa Jos, Bukuru, Barikin Ladi da sansanonin lebura da hanya, suka tare rafuka, suka bar ramuka da ruwa ya cika daga baya.

Sai dai akwai abin da masu yabon kan tsallake. Jos a sama take, kusan komai daga nan gangarawa yake yi. Kogin Dilimi ya bi ta Jama'are ya nufi tafkin Chadi, kogin Kaduna ya yi yamma, Gongola ya yi gabas, Mada ya yi kudu zuwa Binuwai. Hanyoyin mota ma haka suke. Wanda ya fita ta hanyar Bauchi, ta Zariya ko ta Akwanga da gangara zai fara, yana ta murna keke na gudu, sai ya juyo gida a gajiye sannan tudu ya tare shi. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa a kan lissafin dawowa aka gina su.

Ni sabon shiga ne. Ta ina zan fara?

Rayfield. Daga mahaɗar Old Airport a kan titin Yakubu Gowon ka shiga ciki. Titunan unguwar na da faɗi, tireloli ba su cika bi ba, tudun da ke wurin kuma gajeru ne, kafin numfashinka ya ƙare ka kai sama. Za ka wuce filin golf da Turawan kuza suka kafa a 1913, ka ga tafkin wurin shaƙatawa na Rayfield, wanda shi ma tsohon ramin kuza ne, sannan ka iya fitowa ta Zaramaganda ka koma babban titi. Gidan gwamnati na wannan yanki, don haka ka bar wayarka a aljihu idan ka zo kusa da shi.

Ga mazaunin Gangare, Rikkos, Unguwar Rogo ko Bauchi Road, ratsa gari ya fi Rayfield ɗin kanta wuya. Ka fita da an idar da sallar asuba gari ya ɗan yi haske, kafin Napep su cika Terminus da ke tsakiyar gari. Ka tuna cewa a Jos akan tare wasu tituna kusa da majami'u ranar Lahadi, kusa da masallatai kuma ranar Juma'a, sai ka tsara hanyarka da wannan a zuciya. Wata guda kana wannan zagaye sau biyu ko uku a mako ya isa kafin ka nufi Lamingo.

Wace hanya ce ke bi ta bakin dam a gindin Shere?

Hanyar Lamingo, kuma a ganina ita ce ta fi biyan mai keke haƙƙin guminsa a duk kewayen gari. Daga mahaɗar British America ka yi gabas. Madatsun Liberty da Lamingo, waɗanda ke cikin masu bai wa Jos ruwan famfo, duk a wannan ɓangaren suke, haka ma mazaunin dindindin na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH). Tun kana kan kwalta duwatsun Shere ke tsaye a gabanka, da safiyar damina kuma gajimare kan sauko ya rufe kawunansu. A can ciki akwai makarantar horar da shugabanci ta gwamnatin tarayya, wadda aka fi sani da Mountain School, inda ake kai matasa hawan dutse.

Hanyar ba doguwa ba ce, amma ba ta da shimfiɗaɗɗen wuri: ka hau, ka sauka, ka sake hawa. Wannan ne ya sa ta dace da gina ƙafa. Wanda ya fi ƙarfi zai iya zarcewa cikin ƙasar Afizere ta ƙaramar hukumar Jos ta Gabas, wajen Fobur, amma nan shaguna da masu faci sun yi nisa da juna, sai ka tafi da kayanka kamar yadda aka yi bayani a amsar kayan gyara.

Madatsun kuwa na hukumar ruwa ne, ba filin wasa ba. Ka tsaya inda jama'a ke tsayawa, ka gaida mai gadi, ka tambaya kafin ka hau kan bangon dam ko ka ɗauki hoto.

Kilomita nawa ya kamata in yi a rana?

A Jos wannan rabin tambaya ce. Ɗayan rabin shi ne mita nawa za ka hau. Kilomita 40 a shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta Kano zuwa Wudil ba ɗaya ba ne da kilomita 40 a wajen Shere. Manhajoji irin su Strava suna nuna jimillar hawan da ke cikin kowace hanya, wannan adadin za ka fara dubawa. Idan ka ga an ce tudu na da kashi 5 cikin 100, ana nufin a duk mita 100 da ka yi gaba ka hau mita 5. Kashi 3 ana hira a kansa, kashi 6 hira na tsayawa, kashi 10 kuma sai an miƙe tsaye a kan feda.

Ka gwada kanka a tudu guda da ka sani, ka ga minti nawa yake cinye maka, ka riƙa auna sauran da shi. In za ka bi hanyar da ke farawa da gangara, ka raba lokacinka gida uku: ɗaya na tafiya, biyu na dawowa. Wanda ke da awa uku ya juya da cikar awa guda, ko da jikinsa na ce masa bai yi komai ba tukuna.

Wane irin keke ya dace? Dole sai sabo?

Ba dole ba ne. Mafi yawan kekunan tsere da ake hawa a ƙasar nan na gwanjo ne, kuma na alminiyom mai lafiya ya ishi kowa. Abin da za ka fara dubawa shi ne ko girmansa ya dace da tsawonka, domin keken da ya yi maka girma ciwon baya da na wuya zai saya maka, komai sunan kamfanin da ke jikinsa. Ka duba gangar jikin ko akwai tsagewa a wuraren walda, ka juya tayoyin ka ga ko rim na karkacewa, ka tabbatar kowace giya na shiga.

Taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32 ta fi siririya ta 23 dacewa da kwaltarmu mai ramuka da tsakuwa a gefe, kuma ba ta rage gudu yadda ake zato. Tsohon Rali ko Phoenix mai giya ɗaya zai kai ka Bukuru ya dawo da kai, kakanninmu sun yi fiye da haka da shi ɗauke da buhu, amma a tudun Shere za ka fi tura shi fiye da hawansa.

Ƙafata na mutuwa a tsakiyar tudu. Laifina ne ko na keken?

Sau da yawa na giyar ne. Tsofaffin kekunan tsere kan zo da ƙaramin faranti na gaba mai haƙora 39, babba na baya kuma mai 25. Da wannan haɗi, duk zagaye ɗaya na feda na tura keke sama da mita 3, kuma a tudu mai tsauri ƙafarka za ta koma juyawa ƙasa da sau 50 a minti, kana dannawa da gwiwa. In aka sa mai haƙora 34 a gaba da 32 a baya, zagaye ɗaya ya koma mita 2 da 'yan kai. Gudun bai canza ba, wajen kilomita 9 a awa, amma ƙafa na juyawa sau 70 a minti, nauyin ya tashi daga gwiwa ya koma kan numfashi, shi kuwa numfashi ya fi saurin farfaɗowa. Kafin ka sayi sabon firiwil, wato jerin farantan baya, ka sa makaniki ya duba ko abin sauya giyar na baya zai iya ɗaukarsa.

Sauran kuma ɗabi'a ce. Ka sauke giya tun kafin tudun ya kama ka, ba sai sarƙa ta ɗaure tana ƙara ba. Ka fara a hankali fiye da yadda zuciyarka ke so. Ka ɗaga sirdi yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa idan feda na ƙasa. Yawancin masu kukan gwiwa sirdinsu ya yi ƙasa ne.

Ina son tafiya mai nisa ba tare da muguwar gangara ba. Ina zan nufa?

Kudu. Nan ne kaɗai ɓangaren da za ka yi nisa kana nan a saman tudu. Daga tsakiyar Jos zuwa Bukuru kimanin kilomita 15 ne, sai ka zarce Mararrabar Jama'a, inda hanya ta rabu: ɗaya ta yi Riyom da Akwanga, ɗaya ta yi Heipang, Barikin Ladi, Mangu da Pankshin. Filin jirgin sama na Heipang na kan mita 1,290, wato ya ɗan fi cikin gari tsayi, saboda haka a nan lissafin ya juye, dawowa ta fi tafiya sauƙi in iska ba ta hana ba.

Zagayen Vom ma yana wannan ɓangare. Can ne cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, a Kuru kuma akwai cibiyar nazarin manufofi ta NIPSS da aka kafa a 1979. Ƙasar buɗaɗɗiya ce, gonakin acca da dankalin Turawa kewaye da shingen ƙerana, da duwatsu jefi-jefi, da kududdufan kuza masu tulin jar ƙasa a bakinsu. Madatsar Yakubu Gowon da ke Shen na gabas da Bukuru, ga mai son ya haɗa da bakin ruwa. Abin da ke ɓata wannan tafiya shi ne cunkoson titin Jos zuwa Bukuru, musamman wajen kasuwar Building Materials, shi ya sa ake son a wuce shi da sassafe.

Ana iya zuwa Kurra Falls da keke?

Ana iyawa, amma ba tafiyar da ake yanke shawararta da daddare a tashi da safe ba ce. Wurin na gundumar Gashish ta ƙaramar hukumar Barikin Ladi, fiye da kilomita 70 daga Jos, wato zuwa da dawowa ya haura 140. Tafkunan da ke can ba na Allah-ya-yi ba ne, an tare ruwa ne don samar da lantarki. Kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 domin bai wa ma'adinan kuza wuta, shi ke da tashar, kuma kafin ita an riga an gina wata a Kwall a farkon shekarun 1920. Tudun Jos na cikin wuraren da aka fara samar da lantarki da ƙarfin ruwa a Najeriya, kuma ramin kuza ne ya jawo hakan, ba hasken gidaje ba.

Ka nemi izinin kamfanin tun kana gida. Ku tafi a ƙungiya da mota a bayanku. Sannan ka karanta amsar tsaro da kyau, domin Gashish na cikin yankunan da suka sha fama da hare-hare, kuma akwai lokutan da amsar wannan tambaya ita ce a'a.

Hawan Kibo fa? Kowa na maganarsa.

Shi ne bakin tudun ta kudu maso yamma, inda hanyar Akwanga ke sauka daga ƙasar Riyom cikin kwane-kwane, ta zubar da ɗaruruwan mitoci a 'yan kilomitoci. Kafin ka kai za ka hangi duwatsun Riyom da ke ɗore a kan juna, a ƙasa kuma akwai magangarar ruwa ta Assop, fiye da kilomita 60 daga Jos. Kana sauka kana jin iska na ɗumama, itatuwa na ƙara yawa da tsawo. A matsayin tudu, babu kamarsa a kusa.

A matsayin hanya kuwa, ita ce babbar hanyar tireloli da tankokin mai tsakanin Abuja da arewa maso gabas, kuma sunan Hawan Kibo ya daɗe yana fitowa a labaran haɗari saboda manyan motocin da birki ke tsinke musu. Mai hawa da keke yana tafiyar kilomita 8 ko 9 a awa a gefen hanyar da babu wurin kaucewa. Ra'ayina, wanda bai shekara yana hawa ba ya bar shi tukuna. Wanda ya isa kuma ya sa a kai shi ƙasa da mota, ya hau da sanyin safiya, mota na bin bayansa da fitilun gargaɗi a kunne. Saukowa daga Jos a kan keke sannan a juyo da rana tsaka bayan an riga an ci kilomita 60, wannan shi ne ainihin kuskuren da aka yi gargaɗi a kansa a amsar farko.

Yaya ake riƙe birki a doguwar gangara?

Da farko ka san wane hannu ne na gaba. Kekunan gwanjo da suka fito daga Ingila ko Japan birkin gaba na hannun dama, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuma na hagu. Wanda ya ari keken abokinsa bai duba ba zai iya tsintar kansa a kan kwalta. Birkin gaba shi ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, kada ka guje shi. Ka ja jikinka baya a kan sirdi, ka matsa biyun tare a hankali.

Kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa. A keke mai birkin rim, gogayyar na zafafa rim har tub ya iya fashewa, a mai faifai kuma birkin na yin sanyin kamu. Ka matsa sosai gudu ya ragu, ka saki, ka sake matsawa. Ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba, ƙafar da ke waje tana ƙasa. In ana ruwa, birkin rim sai taya ta juya ta share ruwan kafin ya kama, don haka ka fara da wuri. Yashin da ruwa ke sharowa ya tara a ƙarshen gangara ya fi rami kayar da mutane.

Hanyar Bauchi da ta Zariya fa?

Bauchi na kan mita 600 da 'yan kai, kimanin kilomita 130 daga Jos, wato mai zuwa can yana zubar da rabin tsayin da ya tashi da shi. Ta Babale da Tilden Fulani zuwa Toro tafiya ce mai daɗi, ga duwatsu dama da hagu, ga abinci a hanya. Masu ƙarfi kan zarce Bauchi su kwana, ko su dawo da keken a mota, kuma babu abin kunya a wannan. Ta Zariya, daga Farin Gada ta Mista Ali zuwa Jingir, ita ma sauka ce. Duka biyun manyan hanyoyi ne masu motocin haya da ke gudu, sai ka bi hannun dama tare da motoci, kamar yadda ƙasar ke tuƙi tun 1972. Masu bin hannun hagu wai don su riƙa ganin mota na zuwa suna ƙara wa kansu haɗari ne.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, madatsu a cike, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hazo bai sauka ba. Damina a Jos na kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ana samun ruwan da ya kai wajen milimita 1,400 a shekara, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, wani lokacin har da ƙanƙara. Hadari ya fi haɗuwa da rana zuwa yamma, don haka safiya taka ce. In tsawa ta kama ka a fili, ka nemi gini ka shiga, kada ka fake a ƙarƙashin itace guda a saman tudu ko a bakin ruwa.

Hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba kan sauko kusa da digiri 10, a kan keke a gangara kuma yatsu na ƙagewa har riƙe birki ya yi wuya. Safar hannu da rigar iska ba ado ba ne. Ka kuma lura da inda iska ke fitowa: ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka mai zuwa Heipang tana tura shi a tafiya, tana tare shi a dawowa. Da damina abin ya juya, daga kudu maso yamma take zuwa. A cikin hazo ka kunna jar fitilar baya ko da rana ce.

Maganar tsaro fa? Iyayena ba sa son in fita bayan gari.

Suna da hujja, kada ka raina ta. Jos ta ga rikici a 2001, 2008 da 2010. A Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba, a 2023 Mangu ta yi fama da tashin hankali, a ƙarshen Disambar wannan shekara kuma aka kai hare-hare ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi. Riyom da Bassa, har da wajen Miango, sun daɗe a cikin wannan hali, kuma kowane ɓangare ya binne nasa. Akasarin ranaku hanyoyin lafiya lau suke, mutane na zuwa gona da kasuwa, amma manhajar waya ba ta san abin da ya faru daren jiya ba. Direbobin tasha sun sani. Matambayi ba ya ɓata: ka leƙa tashar motocin garin da za ka nufa, ko ka kira wani mazaunin can, a safiyar ranar, ba jiya ba.

Kada ka fita bayan gari kai kaɗai. Ƙungiyar da ta haɗa Musulmi da Kirista, Bahaushe da Birom da Afizere, ta fi kowace sauƙin wucewa ko'ina, domin duk inda aka tsaya akwai mai jin harshen wurin. Ku tsaya a kan kwalta, kada ku yanke ta gona ko ta cikin garke. Ku rage gudu a shingen jami'an tsaro, ku cire tabarau, ku yi gaisuwa, katin shaida na aljihu. Ku gaya wa na gida hanyar da za ku bi da lokacin dawowa, ku kuma shigo gari kafin la'asar. In an sa dokar hana fita ko ana zaman ɗar-ɗar, Rayfield da Lamingo sun isa.

In zafi ya dame ni, zan iya faɗawa ɗaya daga cikin tafkunan nan?

A'a. Kududdufin kuza ba shi da gaɓa mai gangarowa a hankali irin ta rafi. Rami ne da injin ya haƙa, taku biyu daga baki ƙasa ta ɓace, ruwan ƙasan na da sanyin da ke ɗaure jijiya, gindin kuma laka ce. Kusan kowace unguwa da ke kusa da irinsu na da labarin wanda ya shiga bai fito ba. Ƙafar da ta yi awa biyu tana taka feda ita ce ta fi saurin ɗaurewa. Ruwan da ke kwance kuma na iya ɗauke da tsargiya. Na madatsun gwamnati ruwan shan jama'a ne, ba a wanka ko wankin keke a ciki.

Me zan ci, me zan sha? Da azumi kuma fa?

Gora ɗaya mai rabin lita zuwa sama a duk awa, ko ba ka jin ƙishi. Sanyin Jos na yaudara, busasshiyar iskar hunturu na shanye gumi kafin ka gan shi. In tafiyar ta wuce awa ɗaya da rabi, ka riƙa cin wani abu kaɗan-kaɗan: dabino, ayaba, ƙuli-ƙuli, dafaffen dankali da gishiri. Kunu da ƙosai ko shayi da burodi kafin fita sun wadatar. Gwate da fura da nono a bar su sai an dawo, ko aƙalla sai an gama tudu na ƙarshe.

Da azumi a ajiye doguwar tafiya. Awa guda a hankali bayan asuba, ko zagaye kusa da gida dab da shan ruwa, ya isa ya riƙe maka ƙafa har bayan salla.

Ni mace ce. Akwai abin da ya bambanta?

Hanyoyin ɗaya ne, giya da birki ma haka. Abin da za ki kula da shi shi ne sutura: dogon hijabi ko zani na iya shiga sarƙa ko tsakanin wayoyin taya, kuma faɗuwar da ke biyo baya ba ta da daɗi. Dogon wando da riga mai kaiwa gwiwa, da ƙaramin hijabi da zai zauna a ƙarƙashin hular kwano, sun rufe jiki ba tare da haɗari ba. Ki nemi sirdi mai ɗan faɗi ta baya, domin yawancin na gwanjo an yi su ne da ƙirar maza. Ki fara da Rayfield tare da 'yar'uwa, ɗan'uwa ko maigida, kamar yadda aka faɗa wa kowane sabon shiga.

Na zo daga Kano ko Abuja. Tsayin zai dame ni?

Kaɗan. A mita 1,200 nauyin iska ya ragu da kusan kashi 13 cikin 100 idan aka gwada da bakin teku, amma Kano da Abuja su ma suna wajen mita 500, don haka bambancin da jikinka zai ji bai kai haka ba. Za ka lura kana haki da wuri a tudu a ranakun farko, shi ke nan. Ciwon tsauni na gaske sai an haura wajen mita 2,500 yake farawa, babu kuma inda ya kai haka a Filato. Wanda ya saba da tudun Mpape ko hanyar Bwari ta wajen madatsar Usuma ba zai ga baƙon abu ba, illa sanyi da rana mai ƙuna fata ba tare da an ji zafinta ba.

Wane kayan gyara zan ɗauka, tunda akwai masu faci a hanya?

Akwai su, amma kayan aikinsu na babur da keken gida ne. Yawancin kekunan tsere na da siririn bawul wanda bakin famfonsu ba ya kamawa, tub mai girman 700 kuma da wuya ka same shi a ƙauye. Ka ɗauki tub biyu, ƙaramin famfo naka, robobin cire taya, faci da gam, makullan alanki, da mahaɗin sarƙa da ya dace da yawan giyarka. Ɗan ƙarfen da ke mayar da siririn bawul ya zama irin na mota ba shi da tsada, kuma da shi kowane mai faci zai iya ba ka iska.

Kafin ka sa sabon tub, ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali, domin ƙaya ko siririyar wayar tsohuwar tayar mota kan maƙale a ciki ta sake huda shi nan take. Ka riƙe kuɗi a hannu, ƙananan canji, tunda sabis na ɗaukewa a tsakanin duwatsu kuma ba kowane direba ne zai karɓi tiransifa ba in ta kama a ɗora keken a mota. Tayar gaba ta yawancin kekunan tsere na cirewa ba tare da sifana ba, sai keken ya shiga but ɗin ƙaramar mota. Ka sa tsumma a kan giyar baya kafin a rufe.